Tela a Bayan Tagar Ungozoma

Tun da gwamnati ta ajiye ungozoma a asibitin unguwa, hankalin Tela bai kwanta ba. Awo kyauta, magani kyauta, har gida take leƙo masu ciki. Shi kuwa a saninsa ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, duk ranar da ya raka matarsa awo, ungozomar za ta gaishe shi da fara'a, ta auna hawan jini a gabansa, sannan ta ce, "Maigida, ɗan ba mu wuri." Sai ta tura ƙofa. Wace magana ce miji ba zai ji ba? Cikin nan shi ne na uku, biyun farko ba su zo da rai ba, don haka tsoro ya riga ya ci shi.

Maƙwabcinsa mai wanki ya ƙara hura wutar. "Ƙus-ƙus ɗin nan da kake gani, allurar tsayar da haihuwa suke ƙullawa."

Ranar awo ta gaba, da aka kore shi, bai zauna a benci ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ya raɓe gindin taga kusa da tankin ruwa, gemai-gemai da shi, ya kasa kunne.

"Yanzu mu biyu ne, ƙanwata," in ji ungozoma. "Akwai abin da ba ki faɗa ba?"

Matar tasa ta fashe da kuka. "Anti, tun jiya da safe ban ji motsi ba. Na kasa faɗa wa maigidana. Wancan karon sai da ya kwanta ciwo."

Tela ya ƙara matsawa jikin taga. Ya ji ƙarar gado, ya ji an kunna na'urar sauraron bugun zuciyar jariri. Sai shuuu kawai take yi, kamar rediyon da ya rasa tasha. Can wani bugu ya fito, a hankali, yana yankewa.

"Yana da rai, amma ya gaji," in ji ungozoma. "Babban asibiti za mu yanzu, ni zan raka ki."

Sai ungozoma ta yaye labulen tagar. Ta dube shi ba ko mamaki.

"Maigida, ka ji komai, ba sai na maimaita ba. Jeka samo mota."

Bai tsaya neman takalminsa ɗaya da ya saɓule ba, ya nufi titi da gudu.