Wa Ya Ba Ku Labarin Babana?

Tun da ɗaliban likitancin nan suka shigo aji da fararen rigunansu, hankalin Auta ya ƙi kwanciya. An ce daga jami'a suke, sun zo koyar da kiwon lafiya. To, cututtuka sun ƙare ne a duniya da za su zaɓi tarin fuka?

Wata siririya mai tabarau ta tsaya gaban allo. "Tari ne da ba ya jin maganin kemis," in ji ta. "Mutum ya yi ta rama, ya wayi gari rigarsa sharkaf da gumi."

Sai ka ce ta leƙa ɗakin Baba. Mahaifin Auta tela ne, wata da watanni yana tari a kan keken ɗinki, har wando ya daina zama a ƙugunsa. Mama ta ja kunnen kowa a gida: ranar da maganar ta fita, babu mai sake kawo ɗinki. Mutum ɗaya Auta ta taɓa gaya wa, ƙawarta da suke zama benci ɗaya. Ga shi kuma mai tabarau sai waiwayar bencin nasu take yi.

Auta ta zunguri ƙawar. "Ke ce ko?"

"Ni ce me?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Wannan kaɗai ya ishi Auta shaida.

Ana buga ƙararrawa ta bi baƙin har bakin motarsu.

"Anti, wa ya turo ku ajinmu?"

"Shugabar makaranta. Duk azuzuwa muke bi."

"Wa ya ba ku labarin babana?"

Mai tabarau ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Babu kowa, ƙanwata. Yanzu nake ji daga bakinki."

Auta ta yi tsuru-tsuru, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Ana warkewa sarai," ɗalibar ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Amma sai ya je asibiti an gwada shi. Ku ma 'yan gidan a duba ku. Ba sai unguwa ta ji ba."

"Haka dai kuke cewa."

"Ni ma da ni ce, ba zan yarda nan take ba."

Auta ta juya za ta tafi, sai ga ƙawarta raɓe a bayan motar, ta danne baki da hankici, kafaɗunta na jijjiga. Da tarin ya lafa, ta goge ido.

"Kin gama?" ta ce. "Ni ma ina da tambaya."