Shukar Maruta a Gindin Dalar Fir'auna

Ana gobe za a yi wa Malam Hambali aikin ido, 'yarsa Khairiyya ta tashi da niyyar sai ta nuna masa birnin Alƙahira kaf. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama ne ya rage, shi ma kamar ana kallo ta cikin tsohuwar leda. Likitan bai ɓoye musu komai ba: aikin yana iya gyara idon, yana kuma iya tafiya da ɗan abin da ya saura. Khairiyya ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kudu, ta san inda maganar ta dosa, shi ya sa ta nemo mota tun da sassafe. In dai idon zai rufe, to ya rufe a kan abin kallo.

Da ta tambayi tsohon, wallahi da ta hutar da kanta. Amma ina za ta tambaya, shi kuma ina zai faɗa? Ita ce 'yar fari. A gidansu can Maruta ta ƙasar Gwaram, jikokin masu shanu ne, ko sunan ɗan fari ba a kamawa, balle a zauna a buɗe masa ciki. "Ke" yake ce mata, ita ta ce "Baba", a haka suke ta zama a masauki tun zuwansu.

Abin da ke cin ransa kuwa matarsa ce, Tani. Ranar da zai taho ƙofar gida ta cika da 'yan rakiya, ita kuma ta maƙale a madafi, sai muryarta ya ji ta bayan zana tana cewa Allah ya kiyaye hanya. Namiji da furfurarsa ba zai ratsa 'ya'ya da maƙwabta ya koma ciki don ya kalli matarsa ba. Ya ɗauka ai gyaran ido zai je, ya dawo ya kalli kowa da kyau. Sai da suka zo nan ya ji maganar likita. Tun daga ranar, in ya rufe ido ya nemi fuskarta, sai ta amarci ta zo masa, ta yanzu ta ƙi zuwa. Yaushe rabon da ya tsaya ya dube ta sosai? Kullum tana gefe, tana miƙo ƙwarya, tana wucewa. In ɗansa Safiyanu ya kira waya, iyakarsa ya ce, "Mutanen gida lafiya?" A ce masa lafiya lau, a koma maganar shanu.

Suka fara da wani tsohon masallaci mai hasumiya kamar za ta huda sama. Daga nan kasuwa, lungu cikin lungu, ga turare, ga fitilun tagulla, ga masu kiran ciniki da Larabcin da bai yi kama da na allo ba. Rana kuwa ba a magana. Mu ma muna da rana a Gwaram, amma tamu tana da mutunci, tana barin mutum ya raɓa gindin tsamiya. Ta Masar daga sama take duka, kwalta ta rama daga ƙasa, iska ma in ta taso sai ka ce daga bakin murhu.

A kan gada Khairiyya ta sa direba ya rage gudu.

"Baba, ga Kogin Nilu. Ka gani?"

"Na gani."

Wani farin abu ya gani mai ƙyalli, shi ke nan. Amma yarinya ta wahala, ba zai ɓata mata ba. Duk inda ta nuna, amsar ke nan.

Rana ta take tsaka suka isa dalar Fir'auna. Yashi ya ɗau zafi har yana ratsa takalmi, masu raƙuma suka yanyame su. Malam Hambali ya ɗaga kai, ya bi tulin duwatsun da ido har inda ganinsa ya ƙare.

"Ina saurayi na ga dalar gyaɗa a Kano," ya ce. "Ita dai ana ci."

Khairiyya ta yi dariyar yaƙe. Ta so a ce ya yi mamaki.

Wani mai talla ya cusa masa zanen hoto a hannu, irin na tsarabar baƙi. Zai mayar, sai ya ga kamar shanu, ya matso da shi har yana taɓa hancinsa. Mutum ne riƙe da garma, shanu biyu a gabansa, a bayansa mace cikin farin zane tana zuba iri. Direba ya yi bayani, Khairiyya ta mayar da Hausa: wai wani mutumin da ne ya sa aka zana shi da matarsa a bangon kabarinsa, suna aikin gona.

Malam ya daɗe bai sauke zanen ba. Haka suke yi shi da Tani duk farkon damina, shi a gaba da sungumi yana sara, ita a baya da ƙwaryar gero tana zubawa tana rufewa da dunduniya. Shekara da shekaru tana bayansa, sautin ƙafarta kawai yake ji. Kewa ta taso masa.

"Shi dai ya yi dabara," ya ce, ya miƙa wa mai talla kayansa.

Nan wayar Khairiyya ta yi ƙara. Safiyanu ne, kiran da ake ganin juna, yana ta murna: an yi ruwa jiya a Maruta, ruwan shuka, duk gida suna gona. Ta miƙa wa Baba, amma hasken rana ya cinye fuskar wayar, ba ya ganin komai. Sai tsohon ya juya wa dala baya, ya tsuguna a kan yashin nan mai zafi, ya jawo hannun babbar riga ya lulluɓe kansa da wayar.

A cikin duhun rigar gonarsa ta fito, ƙasa ta yi baƙi, ga tsamiyar kan iyaka.

"Tona in ga laimar," ya ce.

Safiyanu ya tona, hannu ya nutse har ya wuce wuyansa.

"Ta yi. Wa ke sara?"

"Aminullahi ne." Ƙanin Safiyanu ke nan.

"Wa ke zubawa?"

"Inna ce, ta ce ba mai taɓa mata ƙwarya."

Malam ya ƙara matso da wayar. "Matsa in ga ko ana rufewa da kyau. Bara tsuntsaye sun tone mana."

Safiyanu, Allah ya shirye shi, abin da aka ce masa shi ya yi. Ya matsa, ya kafa wayar a ƙasa. Ga ƙafafun Tani, dunduniya duk faso, tana tura ƙasa tana dannawa, rami bayan rami. Ƙafar ya sani, ba ita ya nema ba. Kalma ɗaya ta rage, ya ce ɗaga, amma ga ɗa a can, ga 'yar fari tsaye a kansa. Harshensa ya ƙi.

"Ana rufewa, Baba. Ka gani?" in ji Safiyanu.

Khairiyya tana jin komai ta wajen rigar. Ta san mahaifinta, mutumin da bai taɓa shakkar shukar Inna ba ko sau ɗaya. Ta dubi dalar da ta jawo shi ya gani, ta dubi bayansa a dunƙule, kunya da tausayi suka kama ta lokaci guda. Ta sunkuya, ba ta ɗaga rigar ba.

"Safiyanu, ɗaga wayar sama. Baba na so ya ga ko hadari ya sake haɗowa, can ta bayan Inna."

Wayar ta tashi. Ƙwarya ta wuce, kafaɗa ta wuce, sai ga fuskar Tani ta cika wurin. Gumi a goshinta, tsagen nan na kumatu ya nutse cikin tamoji, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ashe haka ta yi furfura, bai sani ba. Da ta ga an saita ta, sai ta fara kau da kai yadda ta saba. Amma ita ma an faɗa mata abin da likita ya ce. Ta tsaya cak, ta goge gumin da bayan hannu, ta dawo da fuskarta daidai, ta bar ta a nan.

"Ka ce wa babanku akwai hadari ta gabas," ta ce wa Safiyanu, amma ba shi take kallo ba.

Direba ya danna ham, akwai sauran wuraren da ba a je ba. Khairiyya ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta tsaya ta gefen da rana ke dukan tsohon, ta buɗe mayafinta ta ƙara masa inuwa.

"Baba, ka ga hadarin?"

Daga cikin rigar muryarsa ta fito a dashe.

"Ce masa kada ya motsa. Ban gama gani ba."