Ƙwai a Tsakiyar Kasko

Verna ta fasa ƙwai a kasko, ƙwan ya yi abin da ya saba yi tun watan Janairu, ya sulale ya je ya laɓe a gefen hagu. Ba ta gama tsaki ba ta ji ƙiii a bayanta, keken guragun mijinta Waldo ya gangaro ya tokare ta a ƙafa kamar kullum.

"Kai ma ka iso? To, kai da ƙwan nan, yau zan yi maganinku."

Waldo ya ɗago ido ya dube ta. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta yi masa ƙaura, aka bar shi da hannu ɗaya da sanda da ido. Amma fa idon nan in ya kafe mutum da shi, ya fi bakin wasu.

Motar da suke ciki ita ce gidansu duk lokacin sanyi, da gadonta da murhunta da komai. Jakunkunan iska na roba biyu da ke ɗauke da nauyinta ta baya sun shekara sha tara, ta hagu ta tsattsage kamar diddigen manomi, motar ta kwanta a kanta. A nan hamadar Arizona, inda suke fake wa ƙanƙara, ana iya zama a karkace. Amma hanyar gida Manitoba, can arewa a ƙetaren iyaka, kwana huɗu ce, kwanakin da suka rage musu kuwa shida. Idan suka wuce ba su tsallaka iyaka ba, inshorar lafiyar Waldo ta tashi, kuma mutum irinsa ba ya kwana ɗaya babu ita. Bakaniken gari ya ce sai bayan sati uku. Shi ya sa Verna, mai shekara sittin da takwas, ta aika aka kawo mata sababbin jakunkuna biyu a kwali.

Da hantsi ta fito da Waldo ƙarƙashin rumfa, ta zura tsohuwar rigar aikinsa a jikinta, ta naɗe hannu sau uku. Ƙawarta Lupe ta iso da shayi a hannu. Shekara talatin Lupe ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta, ba abin da ke ba ta tsoro. Harlan na motar da ke kusa shi ma ya jawo kujerarsa da jak ɗinsa na ɗaga mota. Ba wanda ya gayyato kujerar.

"Baiwar Allah, wannan aikin maza ne fa," in ji Harlan.

"To taso mana."

"Ai kin san bayana."

"Bayanka ne kaɗai ke hutawa a jikinka," in ji Lupe. "Bakin ko Lahadi bai sani ba."

Verna ta tayar da mota, iska ta cika jakunkunan, bayan motar ya ɗago da ƙyar, ta kashe. Ta kafa jak ɗin Harlan a ƙarƙashin ƙarfen gindi, ta shimfiɗa kwali, ta durƙusa za ta shiga. Sai ji ta yi ƙwas, ƙwas, ƙwas. Waldo ne ke dukan ƙafar rumfa da sanda.

"Mene ne, tsoho? Ruwa?"

Ƙwas!

"Ƙyale shi, kishi yake yi," in ji Harlan. "Wannan jak ɗin ya ɗaga tirela cike da shanu. Shiga abinki."

Waldo ya miƙa sandar, ya nuna ƙaramar ƙofar ajiya da ke gefen mota. Verna ta tsaya. Shekara arba'in tana miƙa masa sifana a gona, tana riƙe masa fitila, kuma ba ta taɓa ganin ya shiga ƙarƙashin wani abu da ƙarfe kaɗai ke riƙe da shi ba. Ta buɗe ƙofar. Ga gungumomin katakonsa nan guda takwas, baƙi ƙirin da man inji, waɗanda kullum take mitar sun cinye mata wurin ajiye dankali.

"Na gane, maigida. Yi haƙuri."

Ita da Lupe suka jera su dama da hagu har suka kusa taɓa ƙarfen. Harlan yana ta cewa ɓata lokaci ne. Sannan ta kwanta rigingine, ta ja jiki ta shiga.

Ta kama tiyon iska ta murɗa. Iska ta fita da tsawa, fuuu, nauyin motar gaba ɗaya ya koma kan jak. Shi kuma jak ɗin, da ya ji abin ya fi ƙarfin tsakuwar da ke ƙarƙashinsa, ya nutse, ya karkace, ya yi tsalle gefe. Gim! Motar ta zauna a kan katako, ƙarfen ya tsaya ɗan yatsa huɗu daga hancin Verna.



"Verna!" Lupe ta zube a ƙasa tana leƙe. "Ke 'yar'uwa, yi magana!"

"Ina nan. Miƙo mini sifana mai lamba sha tara. Ki kuma ce wa Harlan shanunsa 'yan maruƙa ne."

Sai da ta yi minti biyu a kwance tana kallon katakon nan kamar ta sumbace shi. Harlan dai ya tashi daga kujera, wanda ba a taɓa gani ba, ya je ya tsince jak ɗinsa, ya sa masa faifan katako a ƙasa kamar yadda sandar Waldo ta umarta, suka sake ɗaga motar suka ƙara gungume.

Notin da ke riƙe da jakar hagu ta sama ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Ta fesa masa mai, ta zura bututu a ƙotar sifana, ta taka taya da ƙafa biyu ta ja. Ya yi ƙara ya saki. Ta turo tsohuwar jakar waje, ta mirgina har gaban Waldo. Ya dube ta, ya ɗan zungure ta da sanda kamar mai sallamar tsohon kare.

Sai kuma sabuwar ta ƙi shiga. Ta fi gurbin tsawo da kusan taƙi guda, ga tauri. Verna ta danna, ta matsa da gwiwa, ina! Ta fito gumi sharkaf ta dubi mijinta. Waldo ya dubi jakar, ya dubi Lupe, ya sake duban jakar. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Kai, Waldo, ka ji tsoron Allah!" in ji Lupe. Amma ta ajiye shayinta, ta gyara siket, ta zauna daram a kan jakar. Jakar ta yi nishi ta lotsa. Verna ta yi maza ta toshe bakin iskar da murfinsa, jakar ta tsaya a tsuke.

"Tun ina yarinya ake yi mini gorin wannan mazaunin," in ji Lupe. "Yau ga ranarsa."

Jakar ta shige gurbinta sumul. Ta dama ba ta ba su wahala ba, don yanzu hannu ya san hanya. Kafin la'asar Verna ta ɗaure noti na ƙarshe, ta mayar da tiyo, ta hau ta tayar da mota. Allurar ma'aunin iska ta fara hawa. A hankali bayan motar ya tashi daga kan katako, hagu da dama tare, kamar raƙumi ya miƙe. Ta sauko da kwalbar ruwan sabulun wanke-wanke ta fesa a kowace mahaɗa, su huɗu suka zuba ido. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

Lupe ta rangaɗa ihu har maƙwabta suka leƙo. Harlan ya cire hula.

"Dama na ce za ta iya."

"Ka ce, Harlan. Duk mun ji ka," in ji Verna.

Ta wanke hannu, ta shigar da Waldo, ta ajiye kekensa can kusa da tebur. Gobe da sassafe sai arewa, da kwana ɗaya ma a aljihu. Amma akwai alƙalin da bai yanke hukunci ba tukuna. Ta ɗora kasko, ta fasa ƙwai. Ƙwan ya ɗan yi rawa, ya bazu, ya zauna a tsakiya cif, kamar rana.

"Waldo, kalli nan!"

Ba ta rufe baki ba ta ji ƙiii a bayanta. Keken ya zo ya tokare ta a ƙafa, daidai inda ya saba. Ta dubi ƙwan. Ta dubi daɓen motar, shimfiɗe ba gangara. Sannan ta sunkuya ta ga ƙafar Waldo mai lafiya, wadda ya turo keken da ita, a ƙasa, tana ja da baya a hankali tana neman ɓuya.

"Tun Janairu?" in ji Verna.

Waldo ya kawar da kai yana kallon taga.

Ta ɗauko wani ƙwan ta fasa kusa da na farko, ba ta matsar da keken ba.