Tirela Mai Rigar Baƙin Ƙarfe

Mijina mai walda ne, ƙofofin gida da na shaguna yake ƙerawa, kuma duk abin da ya fito daga hannunsa sai an tara ƙarti kafin a ɗaga. Na sha tsokanarsa cewa ko cokali aka ce ya ƙera, sai an ɗauka da hannu biyu. Da in na faɗa yakan yi dariya. Tun da babban ɗanmu ya rasu a hatsarin mota ya daina.

Shi ya je ya ga motar, ni ban iya ba. Da ya dawo ya ce, "Kamar gwangwanin madara aka taka." Daga nan bai sake ɗaga zancen ba.

Saura mana Auta, 'yar firamare mai bakin aku. Wata rana ya nuna mana hoto a wayarsa: wata 'yar tirela mai taya biyu da ƙaramar mota ke ja, gabanta a kumbure, bayanta ya tsuke kamar ɗigon hawaye, cikinta katifa ce kawai. Ya ce zai ƙera mana irinta mu je bakin ruwa mu sha iska. Wallahi na yi murna, don rabon da ya ce yana son wani abu har na manta.

A bayan shagonsa ya haɗa ƙashin tirelar. Da aka zo lulluɓe jiki, ƙanena bakanike ya kawo masa fallen alminiyam ya gwada.

"Yaya, da wannan ake yi mata riga. Motarka ƙarama ce, ita kuma tirelar ba ta da birkin kanta."

Mijina ya sa babban yatsa ya danna fallen, ya lotsa.

"A cikin wannan zan kwantar da 'yata?"

"Ai a hanya ba a ciki za ta zauna ba. A mota za ta zauna, wannan abin yana bayanta."

Kamar da bango ƙanena yake magana. Washegari sai ga baƙin ƙarfen da yake ƙofofi da shi an sauke. Ƙarfe mai kauri ba ya son lanƙwasa, sai da wuta da guduma, haka ya yi ta dukansa har maƙwabta suka fara gaishe ni da, "Yaya haƙuri?" Goshin tirelar ma falle biyu ya haɗa masa. Na ce, "Baban Auta, tirela kake yi ko tankar yaƙi?" Ya ce in bar shi, ya san aikinsa. To, ya sani ɗin, ai matsalar ke nan.

Ranar da aka ɗaura tirelar a mota sai da aka sa jak, hannu ya kasa ɗaga bakinta. Bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kamar akuya na miƙa wuya ga ganye. Auta kuwa tsalle take. Har ta zaɓi wurin zamanta a kujerar baya, jikin ƙofa, don ta riƙa leƙen tirelar ta gilashi. Ta kai filonta da gorar ruwanta ta ajiye, ta ce kada kowa ya taɓa.

Ana gobe tafiya, Auta na makaranta, na same shi a shago.

"Ba za ka sa min yarinya a motar nan ba sai ka sauka da ni gangaren gada da tirelar a bayanmu."

"Maman Auta, kin cika tsoro."

"Na cika. Tayar da motar."

Na zauna a gaba. A miƙaƙƙen titi ba laifi, sai nishi da injin yake yi. Muna kama gangaren na ji nauyin tirelar a gadon bayana, kamar wani ƙato ya dafa mu yana turawa. Ya taka birki. Warin ƙuna ya shigo, motar ba ta rage gudu ba. Na dube shi, ya cije leɓe, ƙafarsa a ƙasa. Na fara salati.

A ƙarshen gangaren akwai kwana. Ya murɗa sitiyari, motar ta juya, tirelar ta ƙi. Ta zo mana ta gefe da goshinta, na ji ƙarfe na naɗewa a bayana a hankali, gilashi ya zube. Sai muka tsaya a bakin kwalbati.

Babu abin da ya same mu. Na waiwaya. Ƙofar baya ta shigo har tsakiyar kujera, ta danne filon Auta, audugarsa ta fito. Gorar ta fashe, ruwa na ɗiga a kan tabarmar motar.

Mijina ya fita. Ya wuce ƙofar bai ko dube ta ba, ya je ya shafa goshin tirelar da tafin hannu, sama da ƙasa.

"Maman Auta, zo ki gani. Ko lotsawa ba ta yi ba."

Murmushi yake, irin wanda rabona da shi tun ɗanmu na raye. Ban taɓa jin tsoron mijina ba sai ranar.

"Dubi kujerar yarinyar," na ce.

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai.

"Kin ga abin da nake faɗa? Ƙarfen motar ne ba kauri. Akwai sauran falle a shago, zan lulluɓe mata ƙofofin duka."

Na tari tasi zuwa makaranta, na ɗauko Auta, na wuce da ita gidan ƙanena. Tana ta tambaya ko an fasa tafiyar, na ce ta yi min shiru, kaina na ciwo.

Da yamma wayata ta yi ƙara, na ɗauka, mijina ne. Ina jin kukan injin yankan ƙarfe a bayan muryarsa.

"Jibi za mu tafi, in Allah ya yarda. Ba ni Auta, ta faɗa min fentin da take so."

Tana tsaye a gabana ta miƙo hannu. Na kashe wayar, na ce mata wani ne ya yi kuskuren lamba.