Soket ɗin Baffa Ladan

Ni na haɗa na'urorin shagon kwamfuta na Maikuɗi a Ajingi, kuma na san abin da na bari. Layin intanet biyu ne: babba ta eriyar kan rufi, in ya yanke sai ƙaramin akwati mai sim ya karɓa da kansa. Shi ya sa da Maikuɗi ya kira ni yana ihu wai komai ya tsaya, na hau babur daga Gaya ina ta masifa a hanya.

Na tarar da wata budurwa, Zulfa, ta dafe kai gaban kwamfuta. Ganawar neman gurbin karatun jinya take yi ta bidiyo, hoton ya daskare tana cikin amsa tambaya. Masu ganawar sun ce in ba ta dawo kafin su tashi ba, shi ke nan.

"Malam Muhyiddeen, don Allah ka yi sauri," in ji ta.

Babban layi ya mutu, wannan ba sabon abu ba ne. Na duba saitin kwamfutar, lafiya lau, tana ta neman hanya ta biyu ba ta samu. Raina ya ɓaci. Na bi waya har bayan kabad, sai na yi turus. Filogin ƙaramin akwatin na yashe a ƙasa. A soket ɗinsa wata waya ce ta fita ta taga, ta nufi masallacin da ke maƙwabtaka.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

Maikuɗi ya saki baki. Na fizge wayar na mayar da filogin, lasifikar masallaci ta ɗauke ɗif. Layi ya dawo. Zulfa ta danna, amma an riga an rufe ganawar.

Sai ga wani dattijo ya leƙo yana faɗa. Baffa ne, ladanin masallacin, mahaifin Zulfa.

"Wa ya kashe min lasifika? Ai wannan akwatin zaman banza yake yi, kullum ni nake aron wurinsa. Yau ma da wuri na jona, don jama'a su ji su taya ni yi wa yarinyar nan addu'a."

Ya juya wajen 'yarsa yana murmushi.

"Zulfa, an dace ko?"

Ta share ido da gefen hijabi. "Layi ne ya yanke, Baffa."