Ciyawar Manyan Malamai

"Kowa ya bi lemar nan," in ji mai yi wa baƙi jagora, ya ɗaga wata jar lema sama ko da yake ba ruwa ake yi ba. "Wanda ya ɓace, sai mu tsince shi nan da shekara ɗari biyar mu ce kayan tarihi ne."

Baƙi suka yi dariya. Beryl ba ta yi ba. Ta gyara jakarta a hammata, gwangwanin biskit da ke ciki ya tokare mata haƙarƙari, ta bi su ta babbar ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya mijinta Wilf ya yi yana kula da ciyawar kwalejin nan, ita kuma ta yi ashirin da biyu tana gyara gadajen ɗalibai, amma yau ce rana ta farko da ta shiga ta ƙofar gaba. Ita ma sai da ta sayi tikiti. Da suka zo wuce ɗakin masu gadi ta laɓe bayan wani dogon Ba'amurke, don ta hango baƙar malafar Stan mai gadi ta taga, shi kuwa ya san ta shekara da shekaru.

Wilf ne a cikin gwangwanin. Wata uku ke nan da aka ƙona gawarsa. Ta rubuta wa kwalejin wasiƙa, 'yarta ta gyara mata, tana roƙon a bar ta ta watsa tokarsa a kan ciyawar tsakar gida. Bayan mako shida amsa ta zo a kan takarda mai kauri kamar kwali. Kwamiti ya zauna. Kwamiti ya yi matuƙar jimami. Sai dai wannan alfarma ta manyan malamai ce kawai. Wato ko toka ce, sai mai digiri. Ranar Asabar kuma 'yar tata za ta zo da mota ta kwashe ta zuwa garin Leeds gaba ɗaya. In ba yau ba, shi ke nan.

Mai jagorar, Mista Pelham, tsohon malamin makaranta ne, yana magana a kan ginin kamar shi ya kwaɓa ƙasar. Ya nuna musu hasumiya, ya faɗi shekarar da aka gina ta da sarkin da ke kan gado a lokacin. Ya nuna musu gumakan dutse da suka wage baki a bakin rufi. Ya tsayar da su a ƙarƙashin wata taga mai ƙananan gilasai.

"A wancan ɗakin," ya sassauta murya, "aka yi tunanin da ya sauya duniya."

Beryl ta san ɗakin. Ɗaki na huɗu, matakala ta bakwai. Rufinsa yana yoyo, kuma a nan ta taɓa samun kifi soyayye da ya yi mako uku a ƙarƙashin gado. Wane irin tunani aka yi a ciki ba ta sani ba, amma ba na wanke safa ba ne.

A zauren cin abinci ya jera musu sunayen tsofaffin da hotunansu ke rataye a bango, duk masu dogon hanci, duk sun murtuke fuska kamar an kawo musu miya da sanyi. Wata baƙuwa ta tambaya ko itacen rufin na asali ne. Ya ce na asali ne. A wurin Mista Pelham komai na asali ne.

Sannan suka fito tsakar gida, ga ciyawar.

Beryl ta tsaya cak. Tana nan shimfiɗe tsakanin gine-gine huɗu, shar da ita, an yanke ta layi-layi, mai duhu da mai haske, yadda Wilf ya koya wa waɗanda suka gaje shi. Ga ɗan allon nan a bakinta: kada a taka.

"Manyan malamai kaɗai ke da ikon taka ta," in ji Mista Pelham. "Kullum baƙi sai sun tambaye ni sirrinta. Ba wani sirri. Ka shuka, ka yanke, ka danne, ka yi ta yi shekara ɗari huɗu. Wannan da kuke gani, tun zamanin waɗanda suka kafa gidan take."

"Shekara sha tara," in ji Beryl.

Ya juyo. "Me kika ce, Madam?"

"Shekararta sha tara. Tsutsa ta cinye saiwar waccan, hankaki suka tone ta kamar gonar dankali. Aka kankare duka aka sake shuka."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta hau motar da ba tata ba. "Littattafan tarihin kwaleji ba su ambaci haka ba."

"Ai ba littattafan suka tura baro ba."

Ba'amurken ya tuntsire da dariya. Mista Pelham zai yi magana ke nan, sai ga wani malami ya fito daga wata ƙofa, waya a kunne, ya ratsa ciyawar daga kusurwa zuwa kusurwa yana jan takalmi. "Kun yi sa'a," in ji Mista Pelham a hankali. Baƙi suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa hoto, sai ka ce giwa ce ta gifta.

Lema ta nufi coci, kowa ya bi. Beryl ta tsaya kamar mai gyara igiyar takalmi har ƙofar ta rufe. Sannan ta tsallake allon.

Ba ta taɓa taka ta ba. Ashe haka take da laushi, kamar katifar da ba a taɓa kwanciya a kai ba. A nan Wilf ya bar gwiwoyinsa da bayansa. A nan yake ranar da aka haifi 'yarsu, wai ba a barin yankan ciyawa rabi. Ta isa tsakiya, ta fito da gwangwanin, ta buɗe murfin. Ta ɗan karkata shi.

Sai ta tuna ranar da ya dawo gida ya ƙi cin abinci. An watsa tokar wani farfesa a kusurwar coci, wurin ya ƙone ya yi ja, sai da ya shekara biyu yana jinyarsa. "Mutumin nan," in ji Wilf, yana buga cokali a tebur, "da ransa bai tsinana wa kowa komai ba, ya mutu kuma ya kashe min ciyawa. Wanda duk ya yi min haka, ban yafe ba."

Ta daɗe a tsaye da gwangwani a karkace. Wata uku tana faɗa da kwamiti a ranta, ashe kwamitin da mijinta bakinsu ɗaya. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

"Kai dai ka cika taurin kai," ta ce wa gwangwanin, ta mayar da murfi.

A lokacin ne ta ga wani baƙon tsiro mai faffaɗan ganye dab da ƙafarta, ya baje abinsa kamar an gayyace shi. Ta durƙusa da ƙyar, ta cusa yatsa ta bi saiwar har ƙasa yadda ta sha gani yana yi, ta zare shi ɗungurungum, ta danne ramin da babban yatsa.

"Madam! Fito daga nan!"

Mista Pelham ne ya dawo da lemarsa, baƙi a bayansa. Daga ɗaya ɓangaren kuma Stan na tahowa, ba ya sauri. Ya zo bakin ciyawar ya tsaya. Shekara talatin yana gadin gidan, shi ma iyakarsa ke nan.

"Beryl," in ji shi. "Yaushe kika zama farfesa ba a gaya mana ba?"

"Yau da safe. Kana barci a ɗakinka aka naɗa ni."

Ya dubi gwangwanin. Ya cire malafarsa. "Shi ne?"

"Shi ne."

"Kin zuba?"

"In zuba ya hana ni barci har in mutu? Ka manta farfesan kusurwar coci?"

"Wa zai manta. Ni Wilf ya zaga ranar, kamar ni na kashe mutumin." Ya juya malafar a hannu. "Tarin takin mijinki yana nan bayan katanga, inda yake shan shayi. In aka gauraya toka da ruɓaɓɓen ganye ba ta ƙona komai. Sanyi na wucewa masu lambu za su tankaɗe takin su baza a kan ciyawar nan, daga wannan bango zuwa wancan. Kwamiti bai taɓa zama a kan taki ba."

Beryl ta taka a hankali ta fito, tana bin layin yankan don kada ta ɓata shi. Ta tsaya gaban Mista Pelham ta danƙa masa tsiron a hannu, da ƙasarsa da komai.

"Ungo. Shi ma ka ce musu ya shekara ɗari huɗu."

Stan ya wuce gaba, ta bi shi ta ɗan lungun da ke gefen kicin, inda ake ajiye kwandunan shara, har wata ƙaramar ƙofa mai tsatsa da ba a nuna wa baƙi. Ya zaro mabuɗi.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Ta ƙofar baya dai zai shiga."

Ta gyara riƙon gwangwanin. "Buɗe kawai. Ya san hanya."