Umarnin Ƙarfe Sha Biyu

"Ƙarfe sha biyu daidai ka buɗe wuta a kan ofishin magajin gari," in ji Janar Raicevic ta waya. "Ka ji ni, Manjo?"

Manjo Gojko Bursac ya ji shi sarai. Kwana tara ke nan mutanen gari sun zagaye barikinsa, sun yanke ruwa da lantarki, bayan Kuroshiya ta ce ta fita daga tarayyar Yugoslabiya. Cikin sojoji ɗari uku, tamanin suka rage masa, sauran sun tsallake katanga. Wake ma ya kusa ƙarewa a sito.

"Kwamared Janar, gidana yana bayan ofishin nan. Matata tana ciki."

"Da ka auri 'yar Kuroshiya shawarata ka nema? Tankoki suna hanya. Ka riƙe wuri, ƙasa tana kallonka."

Janar ya kashe waya.

Gojko ya taka zuwa ƙofar bariki. Can bayan buhunan yashi ya hango Vjeko mai kantin magani, babban abokinsa a ranar aurensa, yanzu shugaban kwamitin tsaron gari. Ya rataya bindigar farauta, tumbi ya hana rigarsa rufuwa.

"Vjeko, wannan bindigar ko zomo ba ta taɓa kashewa ba."

"Kai kuma ka rame kamar kazar mayu. Matarka Ljerka ta ce in tambaye ka ko kana shan maganin hawan jininka."

"Ya ƙare."

Vjeko ya cilla masa kwalin magani ta saman ƙofa. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Gojko, samarinmu sun fara fin ƙarfina. Ka miƙa makamai, in ba ka motoci su kai yaranka iyaka. 'Ya'yan mutane ne."

"Na yi rantsuwa."

"Wa ka yi wa? Waɗanda suka rantsar da kai suna can Belgrade, babban birni, suna rabon ƙasar kamar naman layya."

Gojko ya juya ya bar ƙofar. Shekara ashirin da shida yana sanye da wannan kaki, bai taɓa tambayar dalilin umarni ba. Ya koma ofis ya zauna yana kallon agogo. Saura minti ashirin ya ɗauki waya, da niyyar neman a turo masa umarnin a rubuce. Ta daɗe tana ƙara kafin wata mace ta ɗauka.

"Ba ni Janar."

"Wane Janar, ɗana? Ni Hatidza ce, mai shara."

"To ba ni kowane hafsa."

"Ai sun tafi tun ƙarfe goma. Jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su. Har dardumar ofis suka naɗe, Janar ya sa aka ɗaukar masa firji. Ni dai mabuɗi suka bar mini."

"Tankokin fa?"

"Ban ga tanki ba. Takardu na ga suna ƙonawa a bayan gida."

Ya ajiye wayar a hankali. Ƙarfe tara da rabi Janar ya kira shi. Wato lokacin da yake cewa ƙasa tana kallonsa, ana loda masa firji.

Ya tara sojojinsa a fili. Ya sa aka cire wa kowace igwa allurar da ke tayar da harsashi, ya zuba su da hannunsa a ramin masai. Ba zai harbi garin ba, ba kuma zai bar wa kowa abin da zai harbi wani gari da shi ba. Ƙarfe sha biyu ta buga a cocin gari, shi da kansa ya buɗe ƙofa.

Vjeko ya cika alkawari. Kafin la'asar motoci uku sun kwashe sojojin. Amma da sauran shugabannin kwamitin suka gano igwogin sun zama ƙarfen banza, suka ce Manjo ba zai tafi ba. A rediyon motar da aka sa shi, gidan rediyon Belgrade ya riga ya kira shi maci amana.

Aka kai shi makarantar firamare inda ake tsare fursunoni. Wani magatakarda da ya taɓa sayar masa da tikitin jirgin ƙasa ya jawo takarda, bai ɗaga kai ba.

"Suna?"

"Ka san sunana, Slavko."

"Ƙabila?"

"Ɗan Yugoslabiya."

Slavko ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya juya takardar, ya duba bayanta.

"Babu wannan a nan, Manjo. Zaɓi wata."